Gyaran injin huɗa idan kayansa sun yi wuya

Malam, ka ce injin huɗarka ya tsaya, ka zaga kasuwa babu kayan gyaransa. Kada ka jingine shi tukuna.

Daina nema da sunan kamfanin. Da yawa daga cikin ƙananan injinan nan ƙirar Honda GX160 ce ko kwaikwayonta, irin na injin ban-ruwa, don haka kafireto da fulogi suna wajen masu gyaran injin fadama. Boris kuwa akwai lamba a jikinsa, kamar 6204, ka tafi da tsohon a gwada.

Haƙoran huɗar da suka karye, mai walda zai yanko daga tsohon sifirin mota. Amma ka tsaya a kansa ya daidaita nauyinsu, don girgiza na cinye giyabos, shi ne mai wuyar samu.