Kafin ka biya kuɗin tsohon Laser ɗin nan na Obhur

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka game da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, wato Laser, da aka yi maka tallarsa a Obhur, arewa da Jidda, wanda ka ce ya haura shekara 20, ya daɗe a ajiye a tsakar gida cikin rana, kuma mai shi ya ce wanki kawai yake bukata. Na taɓa sayen irinsa a nan Jidda, na kuma gyara shi da hannuna, saboda haka shawarata ita ce ka zuba idonka a kan gangar jikin jirgin kafin komai, domin igiya da shira'i (ƙyallen da iska ke turawa) da sauran tarkace duk ana canja su, amma jikin da ya sha ruwa ya ruɓe daga ciki gyaransa na iya fin kuɗin sayensa.

Ka je da mutum ɗaya ku ɗaga shi. Laser, wanda Bruce Kirby ya zana, tsawonsa ya ɗan haura mita 4, nauyin jikinsa kuwa kilo 59 ne ko kusa da haka, wato mutum biyu suna ɗaukarsa ba tare da wahala ba. Idan kun ji ya yi nauyi fiye da kima, ko kun ji ruwa yana kai da kawo a ciki, to ya daɗe yana yoyo. Daga nan ka bi samansa da tafin hannu kana dannawa, musamman wurin zama da gaban inda ƙafafu suke. Duk inda ya lotsa ko ya yi ƙara kamar busasshen kara, fayiba, wato abin da aka yi jikin jirgin da shi, ta rabu da soson da ke ƙarƙashinta.

Inda na fi so ka tsaya ka ɓata lokaci shi ne ramin da ake kafa sari, wato sandar da ke riƙe shira'i. Laser ba shi da wayoyin da ke tallafe sarinsa, don haka duk ƙarfin iska a wannan rami yake ƙarewa, kuma yashin da ke shiga yana cin gindinsa a hankali. Ka cika shi da ruwa har baki, ka bar shi kamar rabin sa'a kuna ciniki, sannan ka dawo ka duba; idan ruwan ya ragu, ramin yana yoyo. Ni ban yi wannan gwaji ba lokacin da na sayi nawa, domin mai jirgin ya shafe shi da sabon fenti, na ga yana walƙiya na amince. A fita ta uku, iskar arewa ta taso da la'asar kamar yadda ta saba a gaɓar nan, sai na ga sari ya karkata, fayibar da ke kewaye da shi ta tsage kamar faɗin yatsa. Na dawo bakin ruwa lafiya, alhamdu lillahi, amma sai da na huda saman jirgin kusa da ramin, na bar shi a inuwa makonni ya bushe, kafin na naɗe gindin ramin daga ciki da ƙyallen fayiba da ifoksi (gam mai ƙarfi da ake kwaɓawa), na rufe hudar da marfi mai murɗawa.

Sauran yoyo kuwa sabulu ne ke tona shi. Ka shafa kumfa a inda sama da ƙasan jirgin suka haɗu, da bakin ramin allon da ake zurawa cikin ruwa ta ƙasan jirgin, da kusoshin da ke riƙe daffa (allon juya akalar jirgin) a baya, sannan wani ya hura iska a hankali ta kafar fitar da ruwa. Kada a yi da injin iska mai ƙarfi, yana iya buɗe haɗin da ba shi da laifi.

Ka tuna ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita, alhali matsakaicin teku 35 ne. Shi ya sa duk inda ƙarfe marar tsatsa ya taɓa alminiyon ɗin sari za ka iya ganin farin gari, alamar ƙarfen yana cinyewa ke nan. Ka girgiza kowane ribit, wato ƙusoshin da ke jikin sari, ka kuma mirgina sandar sama ta sari a ƙasa mai lebur ka ga ko ta lanƙwashe. Shira'i kuma ranar Jidda zarensa take fara kashewa, don haka ka karce ɗinkin da farce. Idan zaren ya tsinke, tela zai iya maimaita shi, amma idan ƙyallen ne ya yage da ɗan ja, sai sabo.

Idan ka saya, aikin ifoksi ka yi shi bayan sallar asuba, a inuwa, kana kwaɓa kaɗan kaɗan, domin zafi yana sa ya daskare a cikin kofi kafin ka gama shafawa. Ka goge wurin da samfefa, ka wanke gishiri da ruwan daɗi, ka tabbatar ya bushe sarai. Fenti ka bar shi ƙarshe. Ka kuma tambayi Haras al-Hudud, wato jami'an tsaron kan iyaka, abin da ake bukata na izini kafin ka sa shi a ruwa, fitarka ta farko ta kasance da safe cikin mashigin Obhur, da rigar ceto a jikinka. Idan ka je dubawa, ka ɗauko hoton cikin ramin sarin da fitila ka turo mana mu gani.