Abin da ka ba zomo, baki zai kai masa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na karɓe guntayen katakon da ka tara don yi wa zomayen Hajiyar nan ta unguwar Madina a nan Ankara, babban birnin Gana, kayan wasa, na kuma hana ka taɓa gwangwanin fenti. Jawo benci ka zauna, don aikin nan ya saɓa wa yawancin abin da na koya maka a shagon nan.

Kujera zama ake yi a kanta. Zomo kuwa, duk abin da ka ajiye masa cinsa zai yi. Haƙoransa 28 ne, ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaban kan ƙaru wajen milimita 2 a mako. Shi ya sa kullum yake neman abin gwaguya. Sannan Allah bai ba shi ikon yin amai ba. In ya haɗiyi zare ko roba ko soso, a hanji za su tsaya. Saboda haka kafin ka ɗauki zarto, ka tambayi kanka: na yarda dabba ta ci wannan?

Duba tarin naka. Filawud, gam ne tsakanin kowane falle. Katakon odum, kai ma ka san atishawa da ƙaiƙayin da ƙurarsa ke sa mu in muna goge shi. Katakon wawa ya fi kama da abin da ake so, ga laushi ga rashin nauyi, amma da yake ƙwari na son sa, sau da yawa an riga an tsoma shi a magani kafin ya iso kasuwar katako, ido kuma ba zai nuna maka ba. In ba mu san hannun da ya biyo ba, mu bar shi. Wanda muka shafa wa maganin gara, ko kusa. Katakon falet da ke zuwa da kaya ta tashar jirgin ruwa ta Tema, juya shi ka nemi hatimi: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuma hayaƙin guba aka yi masa. Na farkon kaɗai za ka ɗauka, shi ma sai wanda mai ko wani sinadari bai zube a kansa ba. Kada kuma ka sari reshen paya (avocado) ka ba su, bishiyar nan guba ce gare su har ganyenta.

Ina ƙaramin yaro a shagon maigidana, Allah ya jiƙansa, lokacin mulkin soja na Acheampong, bayan an buɗe gonar zomaye ta ƙasa a Kwabenya a 1972, mun buga keji ba adadi. Masu kiwo su dawo suna kukan zomaye sun cinye ƙofa, mu ƙara ƙusa da kwano. Har yau abin na damuna. Dabbar ba ɓarna take yi ba, an kulle ta ne ba abin yi, ba abin tauna.

To ga abin da za ka yi. Ɗan akwatin ɓuya mai ƙofa biyu, don zomo abin farauta ne, hankalinsa ya fi kwanciya in ya ga mafita ta biyu. Kowace ƙofa ta wuce faɗin jikinsa sosai. Ba ƙusa, ba gam: ka huda, ka haɗa da fegin katako, ka bi gefuna da samfefa har tafin hannunka ya daina jin kaifi. Rufin ya zama shimfiɗaɗɗe, suna son hawa su leƙa.

Sauran ba sa bukatar kafinta ma. Kwali mara sheƙi, a ɓare salatif, a cire ƙananan ƙarafan da aka ɗinke shi da su, a huda gefe biyu ya zama rami. Kwalin da ke tsakiyar takardar banɗaki a cusa masa busasshiyar ciyawa, su yi ta jifa da shi suna zaro ta. Ciyawar nan ita ce ainihin mai goge musu turamen haƙori, katako na gaba kawai yake taimaka wa. Ka sa mata da guntun tayil ɗin da ke bayan shago, su kwanta a kai in rana ta take, zafin Ankara na wahalar da su ƙwarai.

In ka kai kayan, ka gaya wa Hajiya cewa za su cinye gefen akwatin, kada ta ɗauka aiki ne bai yi kyau ba, don haka aka yi shi. In kuma ta ga ɗaya ya daina ci ko ya daina kashi tun safe har yamma, kada ta bari ya kwana, ta kai shi wurin likitan dabbobi.

Tashi ka juyo min falet ɗin can mu ga hatiminsa.