Haƙoran yarona sun yi ja, ko rashin asuwaki ne?

Hajiya, kin ce yaronki mai shekara 9 haƙoransa sun fito da tabo fari-fari da ruwan ƙasa, alhali kullum yana goge baki. Don Allah kada ki dake shi, wataƙila ba ƙazanta ba ce. Abin da na fi zargi shi ne ruwan sha.

Akwai sinadarin fuloraid a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya. In ya wuce, yana ɓata ɓawon haƙori tun yana tsiro cikin dasashi, kafin yaro ya kai shekara 8, shi ya sa buroshi ba ya fitar da tabon. Mu mutanen Maradi mun ga abin da ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya yi a garin Tibiri da ke kusa da mu, inda har ƙafafun yara suka lanƙwashe. Abin da ciwo ƙwarai.

Ki kai shi wurin likitan haƙori ya tabbatar, a kuma auna ruwan gidanku a ɗakin gwaji, saboda ƙannensa. Tafasa ruwa ba ya cire sinadarin, ƙara masa ƙarfi ma yake yi.