Ƙaramar bindiga mai araha: amsar wasiƙunku na wannan mako

Wasiƙun wannan makon galibi daga 'yan'uwa mazauna Amurka suka zo, ɗaya kuma daga gida. Duk a kan ƙaramar bindiga ce, wadda wasu ke kira fistol. Na taƙaita su saboda fili.

Kawu, ni direban babbar mota ne a Houston, ina da katin zama na dindindin. Dala 300 na ware. Wasu abokaina sun ce in ɗauki Taurus G3c, sun ce tasu ba ta taɓa ba su matsala ba. Wasu sun ce tarkace ce, in yi haƙuri in tara kuɗin Glock 19. Wa zan bi?

Malam direba, kafin ka bi kowa, koma ka yi wa kowannensu tambaya ɗaya: harsashi nawa ya harba da ita? Za ka tarar mai cewa "shekara uku ba ta taɓa cijewa ba" kwali ɗaya ya harba ranar da ya saya, ya mayar da ita aljihun tebur. Mai cewa tarkace ce kuma watakila bai taɓa riƙe ta ba, a YouTube ya ji. Shaidar duka biyun ba ta kai ta mai sayar da shayi ba.

Abin da masu harba ta da gaske ke faɗi ya fi wannan tsari. Taurus kamfanin Brazil ne, reshensa na Amurka yana Bainbridge a jihar Jojiya. G3c ta fito a 2020, tana cin harsashi 12, kuma mafi yawan masu ita na cewa ta biya kuɗinta. Kukansu biyu ne. Na farko, ƙirar ba ta zama ɗaya: taka ta fito lafiya lau, ta maƙwabcinka ta riƙa cijewa tun daga kwalin farko. Na biyu, wasu na ƙorafin cewa idan aka mayar da ita gyara ana daɗewa ana jira. Akwai kuma tsohon tabo. A 2015 kamfanin ya amince da sasanta wata ƙara ta taron masu saye a kan tsofaffin samfura kusan miliyan ɗaya, irin su Millennium da 24/7, waɗanda aka yi zargin suna iya tashi idan sun faɗi ƙasa. G3c ba ta cikinsu, amma daga can ƙyamar abokanka ta samo asali, ko sun sani ko ba su sani ba.

Glock 19 tun 1988 take kasuwa, 'yan sanda da sojoji sun gwada ta sun gaji, kuɗinta kuma ya haura dala 500. A tsakani akwai Canik ta Turkiyya da SD9 ta Smith & Wesson da Security-9 ta Ruger. Idan da gaske dala 300 ce iyakarka, to ba ka da kuɗin bindigar dala 300, domin akwai akwati mai makulli na ajiye ta da kube da harsashin gwaji, kuma zan zo kansu a ƙasa. Ka ƙara wata biyu kana tara kuɗi.

Abin da ya fi damuna da kai ma ba samfurin ba ne, sana'arka ce. A Texas tun 2021 wanda ya cika shekara 21 kuma doka ba ta hana shi ba yana iya ɗaukar bindiga ba tare da lasisi ba. Ka shiga New Jersey ko New York da ita a kujerar mota, labari ya sha bamban, har gidan harsashi mai cin fiye da 10 laifi ne a can. Kamfanonin jigila da yawa kuma sun hana direbobinsu. Ka duba takardar aikinka kafin ka duba kanti.

Na ga Hi-Point C9 ƙasa da dala 200. Me ya sa kowa ke mata dariya?

Saboda muni da nauyi. A Ohio ake ƙera ta, samanta wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi, tana cin harsashi 8 kacal, kuma in ka rataya ta a ƙugu sai wandonka ya nemi hanyar ƙasa. Araha ba ta ado. Amma masu ita na rantsuwa tana tashi, kuma kamfanin na gyara ta kyauta ko da a hannun wani ka saya. In "ƙarama" kake nema, ita kuwa ba ƙarama ba ce.

Ni ɗalibi ne, da bizar karatu nake. Abokina ɗan ƙasa ya ce in ba shi kuɗi ya saya da sunansa ya miƙo mini. Akwai matsala?

Karatu aka turo ka ko neman kurkuku? Mai bizar karatu dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga sai da wasu 'yan keɓantattun sharuɗɗa. Abokin naka kuma zai cike takardar 4473, wadda mai sayen bindiga ke cikewa a kanti, ya sa hannu cewa shi ne ainihin mai saye, alhali ƙarya ce. Tun dokar 2022, sayen bindiga a madadin wanda aka haramta wa na iya kai mutum shekara 15 a ɗaure. Kai a ɗaure ka, a kore ka, shi ma a ɗaure shi. Ka mayar da kuɗin ga kuɗin makaranta.

Kawu, don Allah ka sakaya sunana. Maigidana ya sayo ƙaramar bindiga mai araha saboda an fasa motarmu sau biyu. Yana ajiye ta a saman kabad da harsashi a ciki, ya ce yara ba za su kai ba. 'Ya'yanmu uku, babban shekararsa tara. Na ce ya sayi akwati mai makulli, ya ce ɓarnar kuɗi ce. Ba na iya barci. Ko ni ce na cika tsoro?

'Yata, ba ki cika tsoro ba. Ke ce mai hankalin gidan a wannan magana, kuma ki nuna masa wannan amsar, in zai yi fushi ya yi da ni.

Maigida, da kai nake. Yaro ɗan shekara tara ya san inda ka ɓoye kuɗin Sallah, ya san lambar buɗe wayarka, ya san kujerar da zai ja ya hau. Kai kanka ka tuna abin da ka zaƙulo daga saman kabad ɗin mahaifinka kana yaro. Kuma gidanmu ba irin gidan Bature ba ne da sai an buga waya kafin a zo. Ranar suna ko walima yara goma ke shiga ɗaki su fita, 'ya'yan maƙwabta da na baƙi, manya suna falo suna hira. Ko ka horar da naka, ba ka horar da na mutane ba. Yawancin waɗannan ƙananan bindigogi na zamani kunamarsu ba ta da taurin da zai gagari yatsun yaro, wasu ma babu maɓallin tsaro a jikinsu sam.

Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da masu neman araha. Mutum zai yi sati uku yana kallon bidiyo don ya rage dala 40 a kuɗin bindiga, ya zagaye kantuna huɗu, ya ƙona man da ya fi abin da ya rage. Da an ce masa akwati sai ya tuna yana da tattali. Ƙaramin akwatin ƙarfe mai igiyar waya da ake ɗaurewa a jikin gado bai wuce dala 30 ko 40 ba. Mai lambobi wanda ke buɗewa cikin daƙiƙa biyu yana kamawa daga dala 100 zuwa sama kaɗan. Kuɗin shadda ɗaya ke nan, ba ma mai tsadar ba. Kuma tun 2005 doka ta wajabta wa dillali mai lasisi ya haɗa maka da makulli idan ya sayar maka da ƙaramar bindiga. Je ka duba kwalin da ta zo a ciki, yana nan a ledarsa ba ka buɗe ba.

Sai uzurin da na gaji da ji: "In ɓarawo ya shigo yaushe zan tsaya buɗe akwati?" Ɓarawon nan motarka ya fasa a waje, kana barci. Shi watakila ya dawo, watakila ba zai dawo ba. Yaran kuwa kullum suna cikin gidan. Akwai kuma abin da ba ma son faɗa a tsakaninmu: fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara, su ne suka kashe kansu. Matashi mai damuwar da bai gaya wa kowa ba, baƙon da zaman ƙasar ya yi wa nauyi, daren da miji da mata suka yi cacar baki. Makulli yana saya wa mutum minti biyar, kuma sau da yawa minti biyar ɗin ne ke raba fushi da jana'iza. A jihohi da dama, idan yaro ya ɗauki bindigar da ka bari a sake, kai za a gurfanar.

Ga lissafin da ya kamata ka yi tun farko. Bindiga dala 280, akwati 100, kube mai rufe kunama 50, darasin kwana ɗaya wajen malami mai takarda kamar 100, sai harsashin gwaji aƙalla 300, wato kwali shida, kowanne wajen dala 15. Ka ga ta ninka. Gwajin nan kuma ba almubazzaranci ba ne, a bindiga mai araha ma ya fi zama dole, domin shi kaɗai zai gaya maka ko taka tana cikin masu lafiya ko masu cijewa. Wanda ba zai iya wannan ba, fitila mai kunna kanta da kyamarar ƙofa za su fi yi wa motarsa amfani.

'Yata, daren yau ki roƙe shi ya cire harsashin, ya sa makullin da ya zo da ita, ya ajiye harsashi a wani wuri daban. Ke kada ki taɓa ta tunda ba ki koya ba. Idan ya ƙi, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Allah ya tsare miki zuri'a.

Daga Gusau nake. Ka san halin da muke ciki. Yayana a Amurka ya ce bindiga ta fi waya araha a can, zai iya sako mini ɗaya cikin motar da zai aiko.

Ɗan'uwa, na san halin, kuma ban raina tsoronka ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma wannan hanya ku biyu za ta ci. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol tana cikin haramtattun bindigogi, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu, kuma hukuncin riƙe ta ba izini ya fara daga shekara 10. Ko a 2022 da Gwamna Matawalle ya ce jama'a su nemi bindiga, lasisi ya ce a nema, kuma maganar gwamna ba ta canza dokar tarayya ba. A can Amurka kuma fitar da bindiga ba takardar izini babban laifi ne, an sha ɗaure mutane a kan ɓoye su cikin motoci da kwantena masu zuwa Afirka ta Yamma. Ka ce wa yayanka ya aiko motar kawai.

Matata ƙaramar mace ce, ina so in saya mata mafi ƙanƙanta, irin Ruger LCP.

Kuskuren da kowane miji ke yi. Iya ƙanƙantar bindiga, iya zafin dukan da take yi wa hannu, kuma saiti da ita ya fi wuya. Mata da yawa harbi biyar suke yi da irin wannan su ajiye ta har abada. Filayen koyon harbi da yawa suna ba da haya. Ka kai ta ta gwada uku ko huɗu, ita ta zaɓa. Ka kuma fara tambayarta ko tana so ma, domin wasiƙarka ba ta ce ta nema ba.