Yaron caji ne ya danna, surukina aka kira

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo, ina noman rani, shinkafa da ɗan albasa. Bana kuɗin taki ya gagare ni, sai aka ce akwai manhajar da ke ba da rance ta waya. Na kai wa yaron da ke mana caji a bakin kasuwa ya sa mini ita. Ina tsaye rubutu na ta fitowa da Turanci, shi kuma yana ta dannawa kamar kaza ta samu tsaba. Ya ɗauki hotona, ya shigar da NIN da BVN, aka turo mini naira dubu talatin. Ranar biya ta wuce da kwana huɗu, sai ga kiran surukina, wai wasu sun buga masa sun ce ya yi mini magana. Ni ban taɓa ba su lambarsa ba. Da na yi musu ƙorafi sai suka ce ai ni na amince. Ina suka samo lambar, kuma wannan ita ce amincewa?

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba. Allah ya huci zuciyarka. Duk Bahaushe ya san nauyin suruki, kuma su ma masu kiran sun sani, shi ya sa ba su fara da abokin hirarka na majalisa ba.

Lambar a wayarka suka ɗauka. Cikin abubuwan da yaron ya danna akwai wani ɗan akwati da ke neman izinin duba lambobin da ka ajiye, ƙarƙashinsa an rubuta “Allow” da “Don't allow”, wato “na yarda” da “ban yarda ba”. Da yatsa ya sauka kan na farko, manhajar na iya kwafe sunaye da lambobi gaba ɗaya ta aika wa kamfanin kafin ka gama gyara hula don hoto. Idan ka ajiye shi da “Surukina” ko “Baban Hajiya”, ka ma rage musu aiki. Goge manhajar yau ba zai dawo da abin da ya riga ya tafi ba.

Shafukan nan na farko da ke yi maka maraba, suna nuna maka danna nan, cike can, ni zaure nake kiransu. Sau da yawa mai tarbar baƙi a zauren ba ɗan gidan ba ne. Kamfanoni kan ɗauko kayan aikin wani kamfanin daban su dasa cikin manhajarsu, aikinsa ya yi maka jagora, yana kuma lissafa inda ka danna, inda ka daɗe, inda ka gaji ka fita, da irin wayar da ke hannunka. Wannan lissafi shi kaɗai ba laifi ba ne, da shi suke gane shafin da ke rikita mutane su gyara. Abin da ba na so shi ne yadda ake tsara zauren don sauri: maɓallin yarda babba mai launi, na ƙi ɗan ƙarami a lungu, bayanin inda bayananka za su je kuma yana can cikin dogon Turancin da ko mai digiri ba ya karantawa.

To, amincewa ce? A ganina a'a, kuma doka ta fi karkata wajenka. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta ce yarda sai an san abin da ake yarda da shi, ba tilas, kuma kan takamaiman abu. Shiru ba yarda ba ne. Kamfanin ne zai kawo hujjar cewa ka amince, ba kai za ka kawo hujjar ba ka amince ba. Kana da ikon janye yardar, da ikon tambayar me suka tara a kanka, da neman su goge abin da ba su da dalilin riƙewa. Za su ce a wayarka aka danna, kuma gaskiya ne, ba su ga yatsan wa ba ne. Amma ko da kai ka danna da hannunka bayan an fassara maka, akwai abin da ba naka ba ne balle ka bayar. Surukinka ya ba ka lambarsa don ku gaisa, don a sanar da shi haihuwa ko rasuwa. Bai ci bashi ba, bai tsaya maka ba, ba a tambaye shi ba. Haka limaminku, haka matan ƙannenka, haka dillalin albasarka. Amanar mutum ɗari biyu ko uku ce a aljihun ɗan rigarka.

Wani abu ya ɗaure mini kai a labarinka. Tun 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store neman lambobin mutane da hotunansu. Saboda haka ka tambayi yaron daga ina ya samo wannan. Ina kyautata zaton tura masa aka yi ta Xender ko ta wani saƙon WhatsApp, domin data na da tsada, yaran caji kuma sun fi son abin da ke ajiye a wayarsu. Ba na ganin laifinsa sosai. Na taɓa zama a rumfar wani a kasuwar Gujungu ran Lahadi, janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako kowace da ɗan tef mai lamba, mutum biyar na jiransa. Wa zai tsaya fassara? Ni kaina, da nake wannan surutu, na tarar da manhajar tocila a wayar mahaifiyata da izinin shiga lambobinta da sanin inda take. Tocila! Kuma ni na sa mata ita da hannuna, ina sauri zan kama motar Kano.

Ga abin yi. Ka samu wanda ka yarda da shi ya buɗe saitin wayar, ya shiga jerin manhajoji, ya cire wa manhajar rancen izinin lambobi, saƙonni, hotuna da na sanin inda kake. Kada ka goge saƙonninsu, ka kuma roƙi surukin ya bar lambar da ta kira shi da ranar, su ne shaidarka. A rubuta musu cewa ka janye yardarka, su daina tuntuɓar kowa a kanka. In sun ci gaba, ana kai ƙara NDPC ko hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, duka ta intanet. Tun 2022 FCCPC ta wajabta wa masu ba da rance ta waya yin rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Bashin kuwa, Baba, yana nan a wuyanka. Rashin kyautawarsu bai sauke shi ba. Ka biya in ka sayar da albasa, ka ajiye shaidar biya.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Garun Malam, ina sayar da ƙuli da man gyaɗa. Zan buɗe asusu a waya, sai ta ce in kalli kyamara in kifta ido. Maigidana ya ce a dakata. Dole ne?

AMSA: Hajiya, wannan kam da dalili. Tun Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, kiftawar kuma don su tabbatar ke ce a raye gaban wayar, ba hotonki wani ya ɗaga ba. Ba sai kin je rumfar caji ba, ki yi a ɗakinki da mayafinki, fuska kawai suke buƙata. In akwatin izinin kyamara ya fito, ki zaɓi “Only this time”, wato na wannan karon kaɗai. In ta nemi lambobin wayarki, ki ƙi, ki ga ko za ta wuce. Lambar sirrinki da wadda za a turo miki ta saƙo kuwa, ke za ki shigar da su da kanki, ko ƙaninki ne ke taya ki ya kau da kai. Ki gaishe da maigidan.