Giyar da ba ta kwana uku

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma uwarka ce ta fara gani, don haka ka shirya bayani. Ka ce abokin zamanka a Beljik yana dafa giya mai ƙarfi a ɗaki, irin wadda ake cika wa hublon, wani fure mai ɗaci da Turawa ke sa wa giya, ya rasa mako nawa zai bar ta a kwalba kafin ya buɗe, har ya tambaye ka ko mutanenmu na da kwana nawa suke ajiye tasu. Na amsa ne don tambayar ta tarihi ce. Bakinka kuwa, na san tarbiyyar da aka yi maka.

Ka gaya masa kakanninmu ba su ajiye giya. Ba a cikin Birnin Zinder ba, inda fada da malamai suke, amma a ƙauyukan Anna na kudu, wajen Magaria da Kance, ana dafa burkutu a fili, na kuma gani da idona lokacin da nake malamin gona. Duk haƙurin aikin yana gaba ne, wajen tsiro. Mace za ta jiƙa jar dawa ta kwana, ta tsame, ta baza a inuwa ta rufe da buhu ko ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku zuwa huɗu, sai kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin wutsiya. A shanya, a niƙa, a dama, a dafa. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake ɗorawa a wuta, ya huce, sannan a zuba masa gindin na jiya, wato ragowar tsohon burkutu, don ya tashi. Washegari randa na ta kumfa tana tsuwa. Ranar nan ake sha, a ƙoƙo, yana da rai.

Shi ya sa ranar sha ake fara tsayarwa, sannan a ƙirgo baya. In mai gona ya kira gayya ranar Laraba, matansa sun jiƙa dawa tun mako guda kafin nan. Haka bikin aure, haka zubawa iskoki a gindin tsamiya. Wanda ya kwana biyu a randa kuwa ya zama ruwan tsami, ko mashayi sai ya yamutsa fuska. Ka tuna zafin Damagaram a watan Afrilu, sama da digiri 40. Kunun zaki ma da ake yi da safe, in ya kai la'asar ba firij, ai ka san yadda yake juyawa.

Ta Turawa dabam ce saboda wannan furen mai ɗaci. Shi ke hana ƙwayoyin da ke tsamar da giya sakewa. Ingilishi sun riƙa cika shi a giyar da suke aikawa Indiya ta jirgin ruwa, tafiyar watanni ta zagayen Afirka, ta isa ba ta lalace ba. Mu ba mu da shi, ba mu kuma da sanyin da yake so.

Akwai wani Bature da muka yi aikin rijiyoyin lambu tare, shi ma haka yake damun kansa da kwalabe, daga gare shi na ji sauran. In an ɗura da ɗan sukari, mako biyu zuwa uku a ɗaki mai kamar digiri 20 ya isa ta yi iska. Mai ƙarfi takan so ƙarin mako biyu ko uku don kaifin ya kwanta. Amma ƙamshin hublon ba ya jira, kamar ƙamshin na'ana'a ne a shayi, bayan wata uku rabinsa ya tafi. Ƙarfi na cewa a jira, ƙamshi na cewa a yi sauri. Shi Baturen yakan buɗe kwalba ɗaya kowane mako daga na uku, ranar da ta yi masa sai ya kwashe sauran ya sa a sanyi. A nan Zinder dai bai taɓa dacewa ba, biyu sun fashe masa a kabad tsakar dare, maigadi ya ɗauka bindiga ce.

In abokin naka abin da ake jira ya nuna yake son gani daga wajenmu, kai masa daddawar da uwarka ta sa maka a jaka. Ita ce ake rufewa kwana uku, a shanya, ta yi watanni ba ta ce komai ba. Sai dai ka buɗe taga kafin ka kwance ledar.