Ranar da Ƙwaryar Ruwa ta Koma Cikin Gida a Cike

Amaryata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da karatunki. Saƙonki ya iso ni ta hannun ƙaninki, wanda ya karanta mini shi sau biyu saboda idon ya yi rauni, kuma shi ne yake rubuta wannan amsa ina faɗa masa. Na yi dariya da na ji kin ce mahaifiyarki ta yi miki faɗa kamar ke kika kashe mamacin, don kawai kin sa hoton mijin gwaggonki a WhatsApp tare da addu'a tun labarin bai kai ga mahaifiyarsa a ƙauye ba. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin an gaya mini cewa tsohuwar a bakin wata yarinyar maƙwabta ta ji, tana durƙushe a gaban murhu, babu kowa a gidan sai ita. Kin tambaye ni wanda ya kafa dokar cewa labarin rasuwa sai babba ne zai kai shi, kuma wai addini ne ko kuwa al'ada ce kawai. Hukuncin addini ki neme shi wurin malamai, ga su nan birjik a jami'arku. Ni abin da idona ya gani zan ba ki, sai ki yi haƙuri da tsawonsa, tun da ke kika tsokano tsoho.

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin Hitila, lokacin ban wuce shekara goma ba, labari a Kano sai an ɗauko shi an kawo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Malam Abubakar Imam yana editanta, jirgin ƙasa ne yake kawo ta, kuma kwafi ɗaya ne yake shigowa unguwarmu. Wani akawun En'e, wato hukumar gargajiya, maƙwabcinmu shi yake karanta ta a zauren mahaifina bayan sallar isha'i, a hasken fitilar aci-balbal, domin kananzir ya yi wuya tun cikin yaƙi kamar yadda yadi ya yi, kuma ba a gama da ita a dare ɗaya, saboda kowane sakin layi sai dattawa sun tsayar da shi sun yi muhawara a kai. Akwai akwatin rediyo mai waya a wasu manyan gidaje da wuraren taruwar jama'a, wanda tasha ɗaya ce a cikinsa, iyakarki da shi ki kunna ko ki kashe, kuma sashen Hausa na BBC da kuka taso kuka tarar sai a 1957 aka buɗe shi. Wani lokaci motar majigi takan zo ta kafa farin ƙyalle a fili, mu kwasa da gudu mu je mu ga sojoji suna fareti, wani mutum yana tsaye a gefe yana fassarawa da ƙarfi. Da ma'aikata suka yi yajin aiki a tsakiyar 1945, jirgi ya tsaya fiye da wata guda, jarida da wasiƙa suka tsaya tare da shi, sai abin da fatake suka faɗa a Kasuwar Kurmi.

Saboda labari yana zuwa da wuya, ba a haɗiye shi da gaggawa. Ina tune da daren da akawun nan ya karanta cewa an jefa bom ɗaya tak ya share birni guda a ƙasar Japan. Wani dattijo mai sayar da fata ya ce wannan ƙanzon kurege ne, ai ko gobara sai ta bi gida gida, mahaifina kuwa ya ce a bar maganar ta kwana, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Sai da aka sake ji daga baki biyu ko uku sannan zauren ya yarda. Labarin daɗi ne kaɗai aka yarje wa gudu. Idan an haihu ko matafiyi ya sauka, mu yara ake sakin wa, mu faɗa gida muna cewa albishirinku, a ce goro, mu samu anini ko kwabo. Mahaifina yakan ce albishir na yaro ne, labarin mutuwa kuwa na mai furfura ne, domin yaro ya iya faɗa amma bai iya zama bayan ya faɗa ba.

To, muna da baffa, autan kakata, wanda ya shiga soja a 1942 ba da yardar yayansa ba, ya bar mata da jaririya. A wancan zamani ana rubuta soja da sunansa haɗe da sunan garinsu, shi kuwa don kada a bi sawunsa sai ya ba da sunan wani gari dabam, abin da ya sa duk takardar da hukuma za ta aiko game da shi ba za ta taɓa samun ƙofar gidanmu ba. Wasiƙa biyu muka samu daga gare shi, ta biyun daga Indiya, daga nan sai shiru. Da Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu na 1945, Japan ta biyo baya a watan Agusta, kakata ta ɗauka gobe ko jibi zai shigo, har ta sa aka yi wa ɗakinsa sabon daɓe. Amma jiragen ruwa sun yi ƙaranci, sojojinmu da suka yi yaƙi a ƙasar Bama sai cikin 1946 suka riƙa sauka a Ikko rukuni rukuni, jirgin ƙasa yana hauro da su. Duk ranar da aka ce jirgin soja zai iso, mukan tafi tasha, mu ratsa ta gefen dalar gyaɗa, mu tsaya muna duba fuskoki har taron ya watse.

Garin kuwa ya cika da su. Suna tafe da akwatin ƙarfe da bargo da babban takalmi, bakinsu cike da kalmomin Indiya da sunayen koguna da ba mu taɓa ji ba. Wanda ya yi hankali da kuɗin sallamarsa ya sayi keke ko keken ɗinki, wasu suka zama direbobi ko masinjoji ko 'yan doka, wasu kuma kuɗin ya ƙare a wajen masu goge a Sabon Gari. A gidan ɗaya daga cikinsu na fara ganin garmaho, ana wana shi da hannu faifai yana juyawa, muna leƙe ta ƙofa muna neman inda mutumin ya ɓuya. Mu ma muka bar wasan langa muka koma fareti da karan dawa a kafaɗa.

Wata Laraba da hantsi wani dogon mutum ya yi sallama a zaurenmu. Ba ya cikin kakin soja, riga ce da hula a jikinsa, amma takalmin ya tona shi. Mahaifina ya shimfiɗa masa buzu, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambaye shi hanya da gajiya da mutanen gida, bai tambaye shi abin da ke tafe da shi ba, domin ka'idar ita ce ba baƙo ruwa ka sha labari. Aka aike ni cikin gida na kawo ruwa a ƙwarya. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya kai baki ya ɗan kurɓa, sa'an nan ya riƙe ta a kan gwiwarsa yana kallon cikinta, har sai da mahaifina ya yi mini ido na karɓa na mayar. Kakata tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta ci gaba da murza mazarinta ba ta ce uffan ba.

Da na komo sai aka kore ni, amma na laɓe a bayan asabari, abin da ban taɓa gaya wa mahaifina ba har ya bar duniya. Mutumin daga ƙasar Zazzau yake, kuma kwana biyu kawai ya yi a gidansu ya kamo hanya, saboda alkawarin da ya ɗauka. Ya ce shi da baffa suna cikin waɗanda suke ɗaukar kaya a ka a kwarin kogin Kaladan na ƙasar Bama, inda babu hanyar mota, abinci ma daga jirgin sama ake jefo musu, kuma a can zazzaɓi ya kama baffa cikin 1944, ya yi 'yan kwanaki rai ya yi halinsa. Sa'an nan ya ciro wata laya daga aljihu ya ajiye a kan buzu. Fatarta ta yi baƙi ƙirin da gumi, gefe ɗaya ya farke an ɗinke shi da zaren soja mai kauri. Mahaifina ya yi salati a hankali, ya ɗauke ta ya sa a aljihu, ya daɗe bai yi magana ba.

Abin da ya yi bayan haka shi ne amsar da nake da ita ga tambayarki, in amsa ce. Bai shiga cikin gida ba. Ya aika aka kira yayan kakata daga wata unguwa, aka kira limamin masallacinmu, aka kuma aika wa aminiyarta cewa ta zo kamar ziyara ce kawai ta kawo ta. Ya sa aka kai wa baƙo abinci, ya jira har tsohuwa ta ci nata, ta yi sallar azahar, aminiyarta ta iso ta zauna kusa da ita a kan tabarma guda. Sai a lokacin yayanta ya shiga, ya zauna, ya fara da cewa an samu labarin auta, kuma jiki ya yi masa tsanani a can. Ya yi shiru. Ita da kanta ta ce, sai haƙuri ke nan? Ya ce sai haƙuri, ya miƙa mata layar. Ta juya ta a tafin hannunta, domin ita ta biya baduku ya ɗinka ta, sa'an nan jikinta ya saki ta kwanta a kafaɗar aminiyarta.

Da la'asar ta ce a shigo mata da baƙon, abin da ba a saba yi ba a gidanmu. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita tana ciki. Tambaya biyu ta yi masa. Ta ce an yi masa sallah? Ya ce an yi, akwai mai ilimi a cikinsu shi ya ja su, kuma da hannunsa ya sa shi a ƙasa. Ta ce an fuskantar da shi gabas? Mutumin ya yi jim, ya ce Iya, a can alƙibla yamma take. Tsakar gidan ta yi tsit, wata daga cikin matan har ta fara salati don ta zaci an binne shi a juye. Liman ne ya yi bayani cewa ƙasar tana can gaba da Makka, don haka wanda yake can sai ya juyo yamma kafin ya fuskanci Ka'aba. Kakata ta daɗe tana jinjina wannan magana, sa'an nan ta ce, ashe har ya wuce Makka. Har ta rasu, idan ana maganar baffa, abin da take fara gaya wa mutane ke nan.

Bayan sadakar uku na ji tana gaya wa aminiyarta cewa ita tun da hantsi ta sani, tun da ta ga ƙwarya ta komo a cike, domin mai kawo albishir shanye ruwa yake yi ya nemi ƙari. Ta ce ta ci abincin ne kawai ta yi sallah don ta ga ɗanta yana ta kai da kawo, ba ta so ta ɓata masa shirinsa. Kin ga ke nan duk wannan jan lokaci bai ɓoye mata kome ba, amma sa'ad da maganar ta fito fili akwai kafaɗa a kusa da ita, akwai kuma wanda zai amsa mata tambayar alƙibla.

Ba zan ce miki wayar nan ba ta da amfani ba. Mu Musulmi ba ma ajiye gawa, kuma na san mutane da yawa a zamaninmu da suka rasa jana'izar iyayensu don ɗan aike yana kan hanya, ni kaina da waya aka kira ni na samu sallar ƙanina. Abin da yake damuna shi ne yadda kuke rige-rige, kowa yana so a ce a wurinsa aka fara gani, kamar akwai goron albishir a cikin mutuwa. Mutum bai gama sanyi ba hotonsa ya zaga duniya, wani lokaci ma har da na gadon asibiti, wanda da yana da baki ba zai yarda a nuna shi haka ba. Kakata takan ce magana zarar bunu ce, ku kuwa yanzu da ɗan yatsa kuke zarar ta, ku ajiye wayar ku ci gaba da hirarku, ba ku ga inda ta faɗa ba. Na san ke addu'a kika yi nufi, kuma na gaya wa mahaifiyarki ta sassauta miki, domin su ma manyan gidan sun yi sakaci da suka tsaya neman mota maimakon su kira wani dattijo a ƙauyen ya taka ya je.

Idan an yi hutu ki sa gwaggonki ta raka ki wurin tsohuwar nan. Ki riƙa mata goro da sukari, ki yi mata gaisuwa, ki zauna har ta sallame ki da kanta, kuma kada ki tsaya yi mata bayanin yadda WhatsApp yake aiki. A kan hanyarki ta dawowa ki biyo ta nan, layar tana cikin akwatina a ƙarƙashin takardun fansho, zan nuna miki ɗinkin. Ki taho mini da batir na rediyo, manya guda huɗu, don waɗanda ƙaninki yake sayowa ba sa kai mako.

Naki,
Kaka